Yadda Za A Yi Aiki Da Fom Da Yawa A Rumbun Bayanai Ba Tare Da Lissafin Gida Ya Rikice Ba

Gidan da ake sana'a ba ya rabuwa da lissafi. Ga na kajin da ake kiwo a bayan gida, ga na ƙwan da masu shayi ke ɗauka bashi, ga zubin adashe, ga kuɗin hayar shaguna da na makarantar yara. Da can littafi mai bangon kwali ne ke ɗauke da wannan duka. Yanzu wasu gidajen sun yi dace da ɗa ko 'ya da suka koyi kwamfuta, suka haɗa musu rumbun bayanai a manhajar Microsoft Access, wadda ta fara fitowa a 1992, kuma har yau ana amfani da ita a kwamfutoci masu Windows. Wasu kuma sun zaɓi LibreOffice Base saboda kyauta ce.

Wanda ya zauna gaban irin wannan rumbu da wuya fom ɗaya ya ishe shi. Mai saye na tsaye a zaure, sai an nemo sunansa a fom ɗin masu saye, an shigar da abin da ya ɗauka a fom ɗin ciniki, an kuma leƙa fom ɗin kaya an ga kiret nawa ya rage. Manhajar ta yarda da haka, kuma aiki ya fi sauri. Sai dai ta wannan ƙofar ce kurakurai masu cin rai ke shigowa: kuɗin wani ya faɗa a sunan wani, an karɓi biya amma bashi bai ragu ba, an shigar da mutum ɗaya sau biyu. Daga nan sai zargi ya shiga tsakanin 'yan gida, alhali babu wanda ya ci ko sisi.

Tushen matsalar ɗaya ne. Abin da ido ke gani a fom ba kullum ne yake daidai da abin da ke cikin rumbun a wannan lokacin ba. Ko dai an rubuta ba a adana ba, ko an adana a can amma nan bai samu labari ba. Shawarwarin da ke ƙasa an gina su ne kan Access, kuma an bar sunayen maɓallai da Turanci yadda za ku gan su a allo.

1. Ku sani bayanai ba a cikin fom suke zaune ba

Bayanai a tebur suke. Kowane mai saye da layinsa, kowane ciniki da nasa layin. Fom taga ce da ake leƙa teburin ta cikinta, a kuma miƙa hannu a gyara; ɗaki kuwa ko taga uku gare shi, kayan cikinsa ba su zama kashi uku ba. Idan aka canza lambar wayar mai shayi a fom ɗin bashi, ta canzu ke nan a ko'ina. Idan aka goge shi a nan, babu wani kwafinsa da ya rage a can. Duk wanda hannunsa zai taɓa kwamfutar, daga uwargida har autan da ake sa wa ya shigar da cinikin yamma, a zaunar da shi a fahimtar da shi wannan tun ranar farko. Wanda ya gane shi ba zai buɗe fom na biyu yana gwaje-gwaje a ciki da tunanin cewa na ainihin yana nan lafiya ba.

2. Ku zaɓi yadda fom za su jeru a allo

Tun daga Access na 2007, sabon rumbu yakan jera duk abin da aka buɗe a shafuka masu suna a sama, ana ganin ɗaya a lokaci guda. Wannan tsari ya dace da ƙaramar kwamfutar cinya, kuma fom ba ya ɓuya a bayan wani. Amma idan aikinku na kwatantawa ne, kamar duba abin da ya fita da abin da ya rage, gara ku ga fom biyu gefe da gefe. Ku shiga File, sai Options, sai Current Database. A nan za ku ga zaɓi biyu, Tabbed Documents na shafuka da Overlapping Windows na tagogi masu zaman kansu. Canjin ba ya aiki sai an rufe rumbun an sake buɗewa, don haka kada ku ce bai karɓa ba. Da zarar kun koma tsarin tagogi, akwai Switch Windows a shafin Home, wanda zai jera muku su a tsaye kusa da juna. A LibreOffice Base kuwa dama kowane fom a tagarsa yake buɗewa.

3. Ku buɗe iya abin da aikin ke nema, kuma kowane fom ya sha bamban

Aikin gida da wuya ya buƙaci fiye da fom biyu ko uku a lokaci ɗaya. Sauran da aka bari a buɗe tun safe ba abin da suke ƙarawa sai ruɗani, kuma suna nauyaya tsohuwar kwamfuta. Ctrl da F6 na zagayawa da ku tsakanin waɗanda ke buɗe, Ctrl da W na rufe wanda kuke ciki. A wasu kwamfutocin cinya sai an haɗa da maɓallin Fn kafin maɓallan F su yi aiki.

Sannan ku roƙi wanda ya haɗa muku rumbun ya ba kowane fom suna da Hausa a wurin da ake kira Caption, kamar “Kuɗin da ya shigo” da “Kuɗin da ya fita”, ya kuma bambanta launin saman kowanne. Fom biyu masu kama ɗaya, dukansu da gurbin kwanan wata da na adadi, su ne ke sa a rubuta kuɗin abincin kaji a wurin cinikin ƙwai idan gajiya ta zo da dare. Kore ga shiga, ja ga fita, ido zai rigi karatu ganewa.

4. Kada ku bar fom alhali fensir na nan

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce muhimmanci. A gefen hagu na fom akwai wani siririn sanda mai ɗan kibiya. Da zarar an fara rubutu a layi, kibiyar za ta koma hoton fensir. Ma'anar fensirin ita ce abin da aka rubuta bai shiga tebur ba tukuna. Yana rataye ne a fom ɗin kawai. Access yakan adana da kansa idan aka matsa zuwa wani layi ko aka rufe fom ɗin. Amma idan kuka tsallaka zuwa wani fom daban kuka bar wannan a buɗe, ba ya adanawa. Fensirin zai yi ta zama har sai kun dawo, kuma fom na biyu zai ci gaba da nuna muku tsohon bayani.

Maganinsa mai sauƙi ne: ku danna Shift da Enter kafin ku tsallaka, ku kuma tabbatar fensirin ya koma kibiya. Idan wanda ya haɗa rumbun ya ɓoye wannan sandan don kwalliya, ya dawo da shi ta wurin Record Selectors.

Idan kuma kun fara rubutu a inda bai dace ba, maɓallin Esc sau ɗaya na janye abin da ke gurbin da kuke ciki, sau biyu na janye duk gyaran layin. A nan akwai abin da ya kamata maigida ya sani don kada ya zargi kowa. Lambar da manhajar ke ba sabon layi da kanta tana fita ne tun lokacin da aka fara rubutu, kuma idan aka fasa ba ta dawowa. Don haka ganin rasit mai lamba 41 sai kuma 43 ba hujja ba ce cewa wani ya goge ciniki. Ta yiwu an fara ne aka fasa.

5. Ku sabunta fom kafin ku yarda da abin da yake nunawa

A ce sabon mai saye ya zo. An shigar da shi a fom ɗin masu saye, an adana, fensir ya tafi. An koma fom ɗin ciniki da yake buɗe tun ɗazu, an buɗe akwatin zaɓen suna, sai aka nemi sunan aka rasa. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su koma su sake shigar da shi, sai a wayi gari mutum ɗaya yana da layi biyu, bashinsa ya rabu gida biyu.

Dalili shi ne fom yakan ɗebo jerin layukansa ne a lokacin da aka buɗe shi. Gyaran da aka yi wa tsohon layi yakan bayyana da kansa; idan ma daga wata kwamfutar aka yi, Access na dubawa duk bayan daƙiƙa 60 matuƙar ba a canza tsarin ba. Amma sabon layi ba ya shigowa sai an ce wa fom ɗin ya sake ɗebowa. Idan akwatin zaɓe ne, ku sa alamar rubutu a cikinsa ku danna F9. Idan fom ɗin gaba ɗaya ne, Shift da F9. Rufewa da sake buɗewa ma na yin aikin.

Ku kiyaye abu ɗaya: bayan Shift da F9, fom yakan koma layin farko. Wanda bai lura ba zai ci gaba da rubutu yana zaton yana kan wanda yake ɗazu, sai kuɗin ya hau kan mutumin da sunansa ya zo farko a jeri. Duk lokacin da kuka sabunta, ku sake karanta sunan da ke sama kafin ku taɓa komai.

6. Layi ɗaya, hannu ɗaya

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ga yadda abin ke faruwa. A ce ana bin mai shayin bakin titi naira 18,000. Da safe ya kawo 5,000. Uwargida ta buɗe fom ɗin masu saye, ta mayar da bashin 13,000, kafin ta adana aka yi sallama ta tashi. Tana can sai yaron mai shayin ya kawo ƙarin 3,000, ɗanta ya karɓa. Ya buɗe fom ɗin bashi, ya ga 18,000 domin gyaran mahaifiyarsa bai shiga ba, ya mayar da shi 15,000, ya adana. Da ta dawo ta danna adanawa, sai wani akwati ya fito mai suna Write Conflict, yana cewa wani ya canza layin tun bayan da ta fara, ya kuma ba ta zaɓi uku.

Idan ta zaɓi Save Record, nata zai danne nasa, bashi ya zama 13,000, dubu ukun yaron ta ɓace. Idan ta zaɓi Drop Changes, nasa zai tsaya a 15,000, dubu biyar ɗin safe ta ɓace. Gaskiyar lissafin kuwa 10,000 ce, kuma babu maɓallin da zai ba da ita. Na ukun, Copy to Clipboard, yana riƙe mata abin da ta rubuta a gefe, ya nuna mata abin da ke tebur yanzu don ta kwatanta. Shi ya fi aminci. Duk wanda ta danna dai, sai ta tambayi wanda ya taɓa, sannan ta rubuta adadin da hannunta.

Wannan akwatin na fitowa ko da mutum ɗaya ne ya gyara layi ɗaya a fom biyu, don haka kada ku tsorata ku ce wani ya yi muku kutse. Abin da zai hana shi tarbiyya ce kawai. Yaron da ya zo ya tarar da fom a buɗe ya saba da tambaya: “Umma, akwai fensir a fom ɗinki, kin gama ne ko in jira?”

7. Kowane biya ya samu sabon layi, fom ɗin dubawa kuma a kulle shi

Abin da ya faru a sama ba zai faru ba da a ce ba a gyara ragowar bashi da hannu. Tsari mai kyau shi ne a yi teburin biya daban: kwanan wata, sunan mai biya, adadi, da wanda ya karɓa. Uwargida ta shigar da layin 5,000, ɗanta ya shigar da layin 3,000, babu wanda ya taɓa layin wani, kwamfuta kuma ta cire da kanta ta nuna 10,000. Ƙari a kan haka, ranar da mai shayin ya ce ya biya wani abu ranar Laraba, akwai abin da za a nuna masa. Haka ya kamata a yi da zubin adashe, da kuɗin haya, da fitar kiret daga sito.

Sannan a raba aiki tsakanin fom-fom ɗin. Kowane irin bayani ya kasance fom ɗaya tak ake rubuta shi, sauran na kallo ne. A tsarin fom ɗin kallo, a mayar da Allow Edits da Allow Additions da Allow Deletions zuwa No. Sai dai a sani kulle Allow Edits kan hana akwatin neman suna da ke saman fom ɗin aiki shi ma. A irin haka sai a nemi suna da Ctrl da F. Fom ɗin da yara ke shigar da ciniki kuma a sa masa Data Entry ya zama Yes, ya riƙa buɗewa babu komai sai sabon layi. A gaya wa kowa cewa ganinsa wayam ba ya nufin tsofaffin bayanai sun salwanta.

8. Inda fom biyu ke tafiya tare kullum, a haɗe su

Idan kun lura ba ku taɓa buɗe fom ɗin biya ba sai da na masu saye a gefensa, to a sa na biyan a cikin na masu sayen ya zama ƙaramin fom a ƙasa. Ana ɗaure su ne da lambar mai saye ta wurin Link Master Fields da Link Child Fields. Amfanin haka uku ne. Da kun koma kan wani mutum, biyansa kaɗai za su bayyana. Duk sabon biya zai ɗauki lambarsa da kansa. Kuma da kun shiga ƙaramin fom ɗin daga babban, Access zai adana na saman ba tare da an ce masa ba.

A kuma shiga Database Tools, sai Relationships, a sa alama a Enforce Referential Integrity. Da wannan, rumbun ba zai karɓi biyan da ba shi da mai shi ba. Wanda kuma yake son ganin jerin mutane duka tare da cikakken bayanin ɗaya daga cikinsu, ya yi amfani da Split Form, wanda ke nuna biyun a allo ɗaya kuma suna tafiya tare.

9. Ku gane fom ɗin da ke tsare hanya da wanda wasu ke dogara da shi

Wani lokaci za ku danna ko'ina babu abin da ya motsa, sai a ce kwamfuta ta daskare, a kai hannu ga maɓallin kashewa. Ku dakata. Akwai fom ɗin da aka sa wa Modal, wanda ba ya barin a taɓa komai sai an gama da shi an rufe. Ku nemo shi, ku amsa abin da yake tambaya. Yana da amfani wajen ƙananan ayyuka kamar ƙara sabon suna, domin yana tilasta a gama kafin a wuce. Wanda aka sa wa Pop Up kaɗai kuwa yana shawagi ne a saman sauran ba tare da ya tsare su ba, ya dace da jerin farashi.

Akwai kuma fom ɗin da rahoto ke karanta wani abu daga gare shi, kamar wanda ake zaɓar watan da ake son lissafinsa. Idan aka rufe shi kafin a buɗe rahoton, wani ɗan akwati zai fito mai suna Enter Parameter Value yana neman a cika wani abu da ba ku gane ba. Rumbun bai lalace ba. Ku danna Cancel, ku buɗe wancan fom ɗin, ku sake gwadawa. Ƙa'idar ita ce wanda aka buɗe a ƙarshe shi ake fara rufewa.

10. Kada a goge komai ana tsakiyar aiki

Idan aka goge layi aka amsa Yes, ya tafi ke nan. Ctrl da Z ba ya dawo da shi. A sauran fom ɗin da ke buɗe za ku ga an cika gurabensa da #Deleted har sai an sabunta. Abin tsoron ya fi haka idan an kunna Cascade Delete Related Records, domin goge mutum ɗaya zai tafi da duk tarihin cinikinsa da biyansa, har da waɗanda ba ku gani a fom ɗin da kuke ciki. Maimakon gogewa, a ƙara ɗan gurbi na eh ko a'a mai suna “Ya daina saye”, a sa masa alama, fom ya riƙa ɓoye irinsu. Idan gogewar ta zama dole, mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyinta, ya yi ta bayan an yi kwafin ajiya kuma an rufe sauran fom-fom.

11. Idan kwamfuta biyu ce, a raba rumbun

Access na iya ɗaukar mutum har 255 a lokaci ɗaya a ƙa'idarsa, kuma fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 2. Gida ba zai kai ko kusa da haka ba, amma ko mutum biyu ne sai an yi tsari. A Database Tools akwai maɓallin Access Database da ke raba rumbun biyu: fayil ɗin tebura, wanda zai zauna a kwamfuta ɗaya, da fayil ɗin fom-fom da rahotanni, wanda kowa zai samu kwafinsa. A fom ɗin da ake yawan haɗuwa, a mayar da Record Locks zuwa Edited Record, ta yadda idan wani na gyara layi, ɗayan zai ga alamar da'ira mai layi a karkace a tsakiyarta, ya san sai ya jira.

Haɗa kwamfutocin da kebul ya fi Wi-Fi aminci, domin yankewar sadarwa ana tsakiyar adanawa na iya ɓata fayil. Kada a buɗe rumbun kai tsaye daga foldar OneDrive ko makamanciyarta; kamfanin Microsoft da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Kada kuma a riƙa tura fayil ɗin ta WhatsApp tsakanin gida da shago kowa na rubutu a nasa, domin kwafi biyu ba sa haɗe kansu, dole aikin mutum ɗaya ya tafi a banza. Masu LibreOffice Base su sani cewa rumbun da ke cikin fayil ɗinsa na odb na mutum ɗaya ne a lokaci guda.

12. Ku yi shirin ɗauke wuta

Fom uku a buɗe, biyu da fensir, sai wuta ta tafi: abin da ba a adana ba ya tafi, kuma fayil ɗin kansa na iya samun rauni. Kwamfutar cinya mai batir mai kyau ta fi dacewa da wannan aiki. Idan ta tebur ce, a sa mata UPS, kuma da ya fara ƙara a adana, a rufe fom ɗaya bayan ɗaya, a rufe Access, sannan a je tada janareta.

Duk lokacin da rumbun ke buɗe, akwai ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da laccdb da ke bayyana kusa da shi, yakan ɓace idan na ƙarshe ya fita. Idan kowa ya rufe amma yana nan, alama ce ta cewa ba a rufe yadda ya kamata ba. A yi kwafi tukuna, sannan a danna Compact and Repair Database, wanda ba ya aiki sai babu kowa a ciki. Kwafin ajiya kuma a yi shi kullum bayan an tashi daga aiki: File, sai Save As, sai Back Up Database, zai ƙara kwanan wata a jikin sunan. Idan an raba rumbun, fayil ɗin tebura shi ne abin kwafewa. A zuba a filashi, a ajiye shi nesa da kwamfutar. Kada a kwafi fayil ana cikin aiki da shi.

13. Fom ɗin da aka bari a buɗe asirin mutane ne a fili

A cikin wannan rumbun akwai sunan maƙwabciyar da ta kasa zubin adashe wata biyu, da ɗan haya da ake bi, da lambobin wayar matan aure. Idan kwamfutar na falo ko zaure, duk baƙon da ya zauna zai karanta. Kafin ku juya allon ku nuna wa mai saye lissafinsa, ku rufe duk fom ɗin da ke nuna na wasu. Idan za ku tashi ko salla ce, ku adana ku danna maɓallin Windows da L, allon ya kulle. Ana kuma iya sa wa rumbun kalmar sirri ta Encrypt with Password, bayan an buɗe shi ta hanyar Open Exclusive. A rubuta kalmar a ajiye wuri mai tsaro, domin idan ta ɓace shiga ya gagara. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, amma tun kafin doka wannan amana ce, kuma wanda ya karɓi bashi a sirrance bai yarda a tallata shi ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar digiri ko sabuwar kwamfuta. Abin da ake nema shi ne kowa a gidan ya bi hanya ɗaya. Ku samu takarda ku rubuta abu huɗu da manyan baƙaƙe, ku manna a jikin bangon da kwamfutar take: duba suna, rubuta, adana, sabunta. Ku ware yammaci ɗaya ku zauna da duk mai taɓa rumbun, ku gwada waɗannan abubuwa a kan kwafi, kowa ya ga fensirin da idonsa, ya ga akwatin Write Conflict ya san abin da zai danna. Ku yi wannan zaman a makon nan, kada ku bari sai lissafi ya ƙi daidaituwa.